Gashin ƙashi, allura ko ƙwaya: wanne ya fi wa gwiwar soja da ta iyalinsa?

Gwiwar soja kan riga shi tsufa. Za ka ga mutum bai kai shekara 40 ba, ƙirji lafiya, numfashi lafiya, a gudun gwaji yana barin yaran da aka ɗauka bara a baya, amma da zarar ya zo saukowa daga bene ko ya diro daga bayan babbar mota sai gwiwa ta soke shi. Da safe ta yi tauri na 'yan mintoci, da yamma bayan doguwar tafiya da kaya ta ɗan kumbura. Likitan bariki ya duba ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda guringuntsi yake zaizayewa, kuma maganar tiyata ba ta taso ba tukuna. Abin da ya rage shi ne a san hanyar da za a kama: gashin ƙashi da motsa jiki, allura a cikin gwiwa, ƙwayoyi, man shafawa, ko rage nauyi. Kowace hanya tana da masu yabonta, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Aikin soja yana cin gwiwa, kuma an ƙirga. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya bi bayanan lafiyar sojojin Amurka da ke bakin aiki daga 1999 zuwa 2008, ya sami sabbin masu amosanin gaɓɓai fiye da 108,000. Da aka auna su da fararen hula sa'o'insu, sojojin sun fi kamuwa, tazarar kuma tana ƙara faɗi yayin da shekaru ke ja. Ƙananan sojoji da sojojin ƙasa su ne a gaba. Dalilin bai ɓuya ba: jakar baya da sulke da makami da harsasai da ruwa, waɗanda kan haura kilo 30, gudu a kan ƙasa mai tauri, durƙuso, dirowa daga mota ko da laima, uwa uba raunin da aka ji tun ana kurtu, aka ɗaure aka ci gaba. Cikin waɗanda jijiyar tsakiyar gwiwarsu ta taɓa tsinkewa, ko faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya yage, kusan rabi sukan sami wannan cuta shekara 10 zuwa 20 bayan raunin. Raunin da mutum ya ji yana ɗan 22 yakan dawo nemansa yana ɗan 38.

A gida labarin ya sha bamban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan nau'i na amosani, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 mata ne. Saboda haka matar soja, mahaifiyarsa, da tsohon sojan da ya yi ritaya ya daina atisaye bai rage ci ba, duk suna layin asibiti ɗaya da shi. Cutar ɗaya ce, sai dai abin da ya kawo ta da abin da kowa ke nema daga gwiwarsa daban ne, kuma wannan yana canza zaɓi.

Dalilin da ya sa likitoci ke jan ƙafa kan tiyata ga mai ƙarancin shekaru shi ne gwiwar roba da ƙarfe tana da wa'adi, wanda aka sa wa da ƙuruciya ya fi fuskantar sake aiki, kuma ba a yi ta don gudu da kaya a baya ba. Ita kuwa ƙaramar tiyatar nan da ake zura kyamara a wanke cikin gwiwa a kankare, an gwada ta a asibitin tsofaffin sojoji na Houston a kan mutum 180, aka wallafa sakamakon a 2002. An yi wa wasu aikin na gaske, wasu kuma an ɗan tsaga fata ne kawai aka ɗinke ba su sani ba. Bayan shekara 2 babu wanda ya fi wani samun sauƙi. Tun daga nan darajarta ta faɗi a wajen wannan cuta.

Gashin ƙashi da allura, kafaɗa da kafaɗa

Wannan shi ne zaɓin da aka fi ajiye wa mutum a gaba, kuma an yi sa'a an gwada su biyun kai tsaye a asibitocin soja. A 2020 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi a manyan asibitocin sojan ƙasa na Amurka guda biyu, Brooke a San Antonio da Madigan kusa da Tacoma. Mutum 156 suka shiga, masu cin gajiyar tsarin lafiyar soja, wato har da 'yan ritaya da iyalai, matsakaicin shekarunsu 56, kusan rabinsu mata. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka yi musu allurar kotizon, maganin kashe kumburi, a cikin gwiwa, har sau uku a shekara idan da buƙata. Ɗaya kashin aka tura su wajen likitan gashin ƙashi, zama har takwas a makonni 4 zuwa 6 na farko, da ɗan ƙari daga baya.

An auna su da ma'aunin zafi da tauri da wahalar harkokin yau da kullum mai maki 0 zuwa 240, wanda yawan maki yake nufin tsananin ciwo. Kowane kashi ya fara da maki kusan 108. Bayan shekara guda masu allura sun sauko zuwa kusan 56, masu gashin ƙashi sun sauko zuwa 37. A lura, duka biyun sun sami sauƙi sosai, allurar ba ta tashi a banza ba. Amma masu gashi sun fi, har a gwajin tashi daga kujera da tafiya da hawa matakala. Mai son kushe zai ce ai masu gashi sun fi ganin likita, kusan zama 12 a shekara, su kuwa masu allura sau biyu ko uku, kuma kowa ya san abin da ake yi masa. Gaskiya ne. Sai dai a wajen mai ciwo, samun wanda yake duba shi yana gyara masa motsi ai yana cikin maganin.

Akwai wani gwaji da ya kamata duk mai son mayar da allura abin yi kowane wata uku ya sani. A gwajin da aka yi a Boston, aka wallafa a 2017, an yi wa mutum 140 allura duk bayan mako 12 har shekara 2, rabi kotizon, rabi ruwan gishiri. A ƙarshe zafin bai bambanta ba, amma masu kotizon sun fi rasa kaurin guringuntsi. Bambancin ƙanƙane ne, bai kai rabin milimita ba, kuma ba hujja ba ce a ƙi allura gaba ɗaya. Abin da ya nuna shi ne maimaita ta a kai a kai ba ya tara riba.

To me allurar take yi? Tana kashe kumburin cikin gaɓa. Likita ya goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya soka allura ta gefen ƙoƙon gwiwa, idan akwai ruwa ya zuƙe, sannan ya zuba kotizon, galibi haɗe da maganin kashe zafi na nan take. Minti goma an gama. Cikin kwana biyu ko uku yawancin mutane sukan ji gwiwa ta saki. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jiyya, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce sauƙin yakan ɗauki mako 2 zuwa 10. Facin taya ke nan: zai kai ka gari, amma tayar tana nan yadda take. Amfaninta na gaske yana wajen wanda gwiwarsa ta kumbura ta hana shi barci, ta hana shi ko lanƙwasa ƙafa balle ya yi motsa jiki. A yi masa allura, zafi ya lafa, ya yi amfani da waɗannan makonnin ya fara gina tsoka. Inda ake kuskure shi ne soja ya karɓi allura ranar Litinin, ya ji garau, ranar Asabar ya ɗauki jaka ya yi kilomita 20. Zafin da allura ta rufe shi ne da ma yake gaya masa ya sassauta.

Mai ciwon suga ya sani sukarinsa zai iya hawa na 'yan kwanaki bayan allurar, don haka ya riƙa aunawa. Wanda ake shirin sa wa gwiwar roba nan kusa ya gaya wa likitan tiyata, domin allura cikin wata uku kafin aikin tana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta. Idan kuma bayan allura gwiwa ta yi ja, ta yi zafi a taɓa, ga zazzaɓi, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a ranar.

Shi gashin ƙashi, da yawa sun ɗauka kwanciya ce a kan gado a haska fitila mai ɗumi ko a manna wayoyin lantarki. Waɗannan suna da daɗi, amma ba su ne ke kawo canjin ba. Ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka a 2019 ma ta ce kada a dogara da na'urar lantarkin da ake mannawa a fata. Abin da ke aiki shi ne motsa jiki da aka tsara, ana ƙara masa nauyi sannu a hankali, tare da aikin hannu da likita ke yi don sassauta gaɓar da ta ƙage. Zaman farko yakan ba soja haushi. Mutumin da ke ɗaga ƙarfe mai nauyi sai a ce ya tsaya a kan matakala mai tsawon taƙi ɗaya, ya sauke ƙafa ɗaya a hankali har diddige ya taɓa ƙasa, ya dawo. A karo na shida cinya ta fara rawa, gwiwa ta karkata ciki, ƙugu ya zube gefe. Likita ya sa madubi a gabansa ya ce kalli. A nan yake gane cewa shekara da shekaru lafiyayyar ƙafar ce take ɗauke da aikin, ita kuwa mai ciwon tsokar gaban cinyarta ta zube bai sani ba. Daga nan sai tashi da zama a kujera ba tare da dafa hannu ba, tura nauyi da ƙafa, ƙarfafa tsokar ƙugu, tsayuwa da ƙafa ɗaya, keke ko ninƙaya don numfashi.

Tsarin GLA:D da aka fara a Denmark a 2013, wanda ƙasashe da dama suka ɗauka, misali ne mai kyau na yawan abin da ake buƙata: zama biyu na ilimantarwa, sannan zama 12 na motsa jiki a gaban mai kula, sau biyu a mako har mako 6. Bayan haka mutum ya ci gaba da kansa. A nan raunin wannan hanya yake. Ba ta ba da sauƙi a makon farko, wani lokacin ma zafi ya ɗan ƙaru, kuma idan aka daina, amfanin yakan zube cikin watanni. Ƙa'idar da likitocin gashi ke bayarwa mai sauƙi ce: zafin da bai wuce 5 cikin 10 ba lokacin motsa jiki, wanda kuma ya koma yadda yake kafin washegari, ba ɓarna ba ne. Idan ya kwana ya wuni bai sauka ba, ko gwiwa ta kumbura, a rage nauyi, kada a daina.

Ni a ganina soja ya fi kowa dacewa da wannan hanya, kuma ya fi kowa iya ɓata ta. Ya saba da horo, ya saba da maimaita abu har ya zauna, yana da wurin motsa jiki a bariki. Amma an koya masa cewa zafi abin cijewa ne, don haka ko dai ya yi ninki uku na abin da aka ce, ko ya raina atisayen ya watsar. Ga kuma canjin wurin aiki da tura mutum daji, waɗanda kan katse zaman asibiti a tsakiya. Wanda ya san za a tura shi ya nemi a rubuta masa tsarin da zai yi da robar ja da benci da nauyin jikinsa kawai.

Nauyin jiki

Idan akwai ƙiba, babu allura ko ƙwayar da ta kai rage ta. Wani bincike na 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. A gwajin da aka wallafa a 2013, mutum 454 masu ƙiba da ciwon gwiwa, 'yan shekara 55 zuwa sama, an bi su wata 18. Waɗanda suka haɗa rage ci da motsa jiki sun zubar da kusan kashi 11 cikin 100 na nauyinsu, kuma sun fi masu motsa jiki kaɗai samun sauƙin zafi da tafiya. NICE ta ce ko kaɗan aka rage yana da amfani, amma kashi 10 ya fi kashi 5. Ga mai kilo 95, maganar kilo 9 zuwa 10 ake yi.

Wannan ya fi shafar iyali da 'yan ritaya. Shekarun farko bayan ajiye kaki su ne masu haɗari, domin fareti da gudun asuba sun tsaya, cin abinci bai canza ba. A 2024 an wallafa gwajin allurar rage ƙiba ta semaglutide a kan mutum 407 masu ƙiba da ciwon gwiwa. Cikin mako 68 sun rage kusan kashi 14 cikin 100 na nauyi, masu allurar bogi kusan kashi 3, kuma zafin gwiwarsu ya fi sauka. Magani ne na likita, yana da tashin zuciya da damun ciki, nauyi kuma kan dawo idan an daina. Ga sojan da ke bakin aiki wanda jikinsa tsoka ce, nauyin da zai duba shi ne na bayansa: abin da ke cikin jaka, yadda aka ɗaure ta a ƙugu, da yawan tafiya da kaya a mako.

Man shafawa kafin ƙwaya

Ma'aikatar tsaron Amurka da ta tsofaffin sojoji sun fitar da ƙa'idar haɗin gwiwa kan kula da amosanin gwiwa da ƙugu ba tare da tiyata ba, suka sabunta ta a 2020. Cikin magunguna, wanda suka fi ƙarfafawa ga gwiwa shi ne man shafawa mai kashe kumburi, irin diclofenac. NICE ma haka ta ce. Mutane suna raina shi don ba a haɗiya, alhali gwiwa tana kusa da fata, maganin yana isa, kuma abin da ke shiga jini kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙwaya. Sharaɗinsa a shafa a kai a kai yadda aka rubuta, ba sai ranar da ciwo ya tashi ba. Akwai kuma man capsaicin, mai sinadarin yajin barkono, wanda yake raɗaɗi a kwanakin farko kafin ya fara aiki. A wanke hannu bayan shafa shi, kada ya kai ido.

Ƙwayoyi irin ibuprofen, naproxen da diclofenac sun fi man ƙarfi a jiki gaba ɗaya, kuma suna aiki. Matsalarsu tana ciki da ƙoda da zuciya: gyambon ciki da zubar jini, hawan jini, lalacewar ƙoda. A barikoki da yawa ibuprofen ya zama abin sawa a aljihu, a haɗiya kafin gudu, a haɗiya bayan gudu. Wannan ɗabi'a ce mai haɗari, musamman ga wanda zai yi doguwar tafiya cikin zafin rana yana zufa da ƙarancin ruwa, domin a lokacin ne ƙoda ta fi rauni. Suna kuma rage daskarewar jini, abin da ya kamata mai zuwa fagen daga ya tattauna da likitansa. A sha mafi ƙanƙantar adadin da zai yi aiki, na ɗan lokaci, sau da yawa tare da maganin kare ciki, kuma kada a haɗa iri biyu. Dattijo mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin tsinka jini, da mace mai ciki, kada su fara sai da izinin likita.

Farasitamol ya fi sauƙi a ciki amma ƙarfinsa a wannan ciwo kaɗan ne, har NICE ta daina ba da shawarar a riƙa shan sa kullum saboda shi. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, mai ciwon hanta ko mai shan giya ƙasa da haka. Duloxetine, wanda asalinsa maganin damuwa ne, yana rage zafi mai daɗewa, kuma zaɓi ne ga wanda sauran ƙwayoyin ba su karɓe shi ba. Yana iya kawo jiri da barci, ba a kuma yanke shi rana ɗaya. Matuƙin jirgi, mai nutso, da duk mai aikin da ke da ƙa'idar lafiya ta musamman ya tambayi likitan rundunarsa kafin ya fara kowane sabon magani.

Tramadol da danginsa su ne zan ce a yi nesa da su. A 2018 an wallafa gwajin da aka yi a asibitin tsofaffin sojoji na Minneapolis, mutum 240 masu ciwon baya ko amosanin gwiwa ko ƙugu. Bayan wata 12, waɗanda aka ba magunguna masu sinadarin ofiyom ba su fi sauran iya harkokinsu ba, zafinsu ma ya ɗan fi, illolin magani kuma sun fi yawa a wajensu. Ƙa'idar ma'aikatun nan biyu ta 2020 ta ce kada a fara su saboda wannan ciwo, ta kuma ambaci tramadol da suna. Ga mai riƙe makami ko tuƙa mota, ga haɗarin kamu, ga gwajin fitsari, lissafin bai fita ba ta kowace fuska.

Abubuwan da ake tallatawa

Allurar hyaluronic, wadda ake cewa man gwiwa, a kanta masana suka rabu. NICE ta ce kada a yi. Ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta karkata ga a bari. Ƙa'idar sojojin Amurka ta ce ana iya gwadawa ga wanda sauran hanyoyi suka gaza masa, amma da rauni ta faɗa. Idan manyan hukumomi suka saɓa haka, yawanci amfanin ƙarami ne. Allurar da ake tace jinin mutum a mayar masa a gwiwa, da allurar ƙwayoyin halitta na asali da ake cewa suna tsiro da sabon guringuntsi, tallarsu ta fi hujjarsu yawa, kuma ƙungiyar likitocin amosani ta ce a guje su a 2019. Glucosamine da chondroitin, ƙwayoyin da ake tallatawa don gaɓɓai, an gwada su a kan mutum 1,583 a binciken da aka wallafa a 2006, kuma a jimlace ba su fi ƙwayar bogi ba. Har yau babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya tafi.

Abin ɗaure gwiwa mai ƙarfe a gefe, wanda ke karkatar da nauyi daga ɓangaren da ya cinye, yana taimakon wanda ciwonsa ke gefe ɗaya, galibi ta ciki, musamman mai ƙafar baka. Dole a auna wa mutum, in ba haka ba zai zame ya ƙare a cikin akwati. Sandar dogarawa tana aiki fiye da yadda girman kai ke yarda, kuma a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta: gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu.

Wa zai ɗauki me

Ɗauki saje mai shekara 36 wanda aka taɓa yi wa aikin jijiyar gwiwa, yana son ya kai shekarun fansho. Gashin ƙashi ne ginshiƙinsa, man shafawa a jaka, ƙwaya ta kwana kaɗan idan ciwo ya tashi. Gudu ba haramun ba ne gare shi, domin bincike bai nuna gudu na matsakaici yana jawo wannan cuta ba. Abin da zai rage shi ne gudu da kaya, gangara da sauri, da tara atisaye masu nauyi a kwanaki a jere. Allura ya ajiye ta don ranar da gwiwa ta kumbura ta hana shi atisaye, kada ta zama hanyar tsallake gwajin lafiya. Abu mafi wuya gare shi shi ne zuwa asibiti da wuri. Da yawa suna ɓoye ciwo don tsoron a rubuta su cikin marasa lafiya, ƙarin girma ko kwas ya wuce su. Amma sassaucin aiki na mako shida da aka nema da wuri ya fi sauƙi a kan takarda fiye da hukumar likitoci bayan shekara uku. Rubuta raunin a fayil tun yana sabo shi ne kuma hujjarsa idan maganar haƙƙin nakasa ta taso bayan ritaya.

Matar soja mai shekara 52, mai ƙiba, gwiwa biyu suna ciwo, ga hawan jini: rage nauyi da motsa jiki tare, man shafawa, a yi taka-tsantsan da ƙwayoyin kumburi. Idan tafiya tana yi mata wuya ta fara da keken tsaye, motsa jiki cikin ruwa inda akwai, ko tashi da zama a kujera sau goma, sau uku a yini. Matsalarta sau da yawa lokaci ne, musamman idan maigida yana wurin aiki mai nisa, gida da yara suna wuyanta. Tsarin minti 20 da za ta iya yi a ɗaki ya fi na awa guda da ba za ta je ba.

Tsohon soja mai shekara 68, mai ciwon suga, ƙoda ta fara rauni: ƙwayoyin kumburi kusan sun fita daga lissafi. Saura man shafawa da sanin likita, sanda, atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa don kada ya faɗi, allura jefi-jefi tare da auna suga. Shi ne kuma wanda bai kamata a ja masa rai kan tiyata ba idan lokacinta ya yi.

Hoton ƙashi kada ya yanke wa kowa hukunci. Akwai mai hoto mummuna yana tafiyarsa lafiya, akwai mai hoto kusan kalau yana kwana zaune. NICE ta ce mai shekara 45 zuwa sama, wanda zafinsa ke tashi da aiki kuma taurin safe bai wuce minti 30 ba, ba ya ma buƙatar hoto kafin a san cutar. Soja matashi mai tsohon rauni shi ya fi buƙatar a duba da kyau, haka wanda gwiwarsa ke kullewa ta ƙi miƙewa, ko take zubar da shi, ko taurin safe ya wuce awa, ko gaɓoɓi da yawa suka kumbura lokaci guda, domin waɗannan suna nuna wani abu daban.

Ma'aunin da zan ba kowa shi ne wata uku na motsa jiki na gaske, sau biyu ko uku a mako, ana ƙara nauyi, ana rubuta abu biyu: sau nawa ake tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30, da nisan da ake tafiya kafin zafi ya tsayar. Idan lambobin suna hawa, a ci gaba. Idan bayan wata uku zuwa shida an yi wannan, an rage nauyi, an gwada magani, amma zafi yana tada mutum cikin dare kuma ya hana shi aikinsa, ya nemi a tura shi wajen likitan ƙashi. Ga matashi mai ciwo a gefe ɗaya akwai aikin gyara karkatar ƙashi ko canza rabin gwiwa kafin a kai ga canza ta duka, kuma wanda ya shiga ɗakin tiyata da cinya mai ƙarfi ya fi saurin tashi bayan aikin.